Gwangwani Biyu Ba Su Isa Shaida Ba

Duk shekara idan makon matasa ya ƙarato, wato 'yan kwanakin da ke gaban bikin Ranar Matasa ta Kamaru na 11 ga Fabrairu, ƙungiyoyin kimiyya na makarantun sakandare a Garwa da Marwa sukan baje kolin ayyukansu. Wanda ya fi yawa a ciki shi ne gwajin shuka, domin ba ya cin kuɗi: gwangwanin tumatir da aka yar, ƙasar bayan aji, 'yan ƙwayoyin masara ko wake, sai ruwa. Yaro ya jera gwangwani biyu a kan tebur, ɗaya an manna masa takarda "da taki", ɗayan "babu taki". Na farkon ya miƙe, na biyun ya tsumbure. A jikin kwali an rubuta da manyan baƙaƙe cewa taki yana sa tsiro girma. Jama'a su tafa, alƙalai su ba da maki.

Maganar da ke jikin kwalin gaskiya ce, amma ai kakan yaron ya san haka tun ba a haifi ubansa ba. Dalilin sa ɗalibi wannan aiki shi ne ya koyi tsara gwaji ta yadda in bambanci ya fito, babu abin da za a ɗora wa alhakinsa sai abin da shi ya taɓa da hannunsa. A nan ne kuma nake ganin ana yi wa yara gajeren bayani. Ana ba su sunaye uku su haddace don jarrabawa, su kuwa haddace tsaf, amma in ka tsaya a gaban teburin ka ce, "Ban da takin, me kuma ya bambanta wannan gwangwani da wancan?" sai yaro ya yi shiru yana kallon malaminsa. Wanda bai iya amsa wannan tambaya ba, bai riga ya gane gwajinsa ba, ko da tsironsa ya kai rufin aji.

Abubuwan da ke iya canzawa a gwaji kashi uku ne. Akwai abin da ɗalibi ya canza da gangan, akwai abin da yake aunawa don ya ga ko ya motsa, sannan akwai duk sauran abubuwan da dole ya riƙe su daidai wa daida a kowane gwangwani. Abin da ke rikita yara shi ne suna zaton kowane abu yana da mazauninsa na dindindin, kamar a ce taki kullum shi ake canzawa, ruwa kullum shi ake riƙewa. Ba haka ba ne. In tambayarka ita ce ko yawan ban ruwa yana shafar girman masara, ruwa za ka canza, taki ya koma cikin waɗanda za ka riƙe. In tambayar a kan taki take, sai su yi musayar wuri. Har abin aunawa ma ruwa yana iya zama: mai son sanin wace ƙasa ce ta fi riƙe laima zai zuba kofi ɗaya a kowace, ya auna abin da ya tsiyaye ta ƙasa. Tambaya ce ke raba musu aiki.

Saboda haka kafin yaro ya taɓa ƙasa, a sa shi ya faɗi jimla guda da bakinsa: "Zan canza kaza, in ga ko kaza zai canza." In ya cusa abu biyu a gurbin farko, ya ce taki da ruwa, ko ƙasa da hasken rana, a tsayar da shi nan take. Taura biyu ba ta taunuwa. In tsiron da ya sami ƙarin taki da ƙarin ruwa ya fi girma, ta ina za a san wanne ya yi aikin? Masana suna da hanyar gwada abu biyu a tare, amma tana bukatar rukuni huɗu aƙalla, kowane haɗi da rukuninsa, kuma gara a bar wa 'yan ajin ƙarshe.

Ko abu ɗayan ma sai an fayyace shi. In yaro ya ce "taki", a tambaye shi wane taki, nawa, kuma yaushe za a sa. Gwajin da yaranmu suka fi so shi ne kwatanta kashin awaki da takin zamani, kuma tambaya ce mai nauyi a yankin nan, inda buhun taki ya yi tsada, manoman auduga kuma da ke karɓarsa bashi a tsarin kamfanin auduga na Sodecoton suna lissafa kowane kilo. Sai dai abin da aka saba yi shi ne cokali ɗaya na yuriya a nan, cokali ɗaya na kashin akuya a can, a ce an yi adalci. Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne, sinadarin da littattafanmu na Faransanci ke kira azot. Busasshen kashin akuya kuwa da ƙyar yake wuce kashi 2 ko 3. Cokulan sun yi daidai a ido, abincin da ke cikinsu ko kusa.

A yi lissafin gona a gani. A ce manomi ya watsa kilo 100 na yuriya a hekta guda. Giram 10 ke nan a kowane murabba'in mita. Gwangwanin da faɗin bakinsa santimita 10 ne, rabonsa a wannan lissafi bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba. Ƙaramin cokalin shayi kuwa yana ɗaukar giram 3 zuwa 4, wato ya ninka rabon wajen sau 40. Shi ya sa bayan 'yan kwanaki za ka ga bakin ganye ya ƙone, tsiro ya langaɓe, yaro ya rubuta a kwali cewa takin zamani yana kashe shuka. Abin da ya gwada a zahiri shi ne taki fiye da kima, bai sani ba, kuma akwai manya a cikin 'yan kallo da za su koma gida da wannan magana. Mafita mai sauƙi ce: a narkar da giram ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, a ba kowane gwangwani mililita 80 da sirinji. Gwangwanayen da ba za su sami taki ba su ma a ba su mililita 80 na ruwa zalla a lokacin, don kada masu takin su fi su shan ruwa ta bayan fage.

Waɗannan marasa takin su ne gwangwanayen shaida, kuma yara suna raina su, suna ganin kamar ɓarnar iri ce. Alhali in babu su, babu abin da za a kwatanta da shi. In masara ta kai santimita 25 da taki, wa ya ce ba za ta kai 24 ba in an ƙyale ta? Shaida dole ta sami duk abin da sauran suka samu, har da tonon da aka yi wa ƙasa lokacin cusa taki, abu ɗaya tak za ta rasa.

Kashin akuya yana da wata sarƙaƙiya da ya kamata malami ya sani ko da ba zai ɗora wa ƙananan ɗalibai ba. Shi ba abinci kaɗai yake ba tsiro ba, yana canza jikin ƙasar, ta fi riƙe laima, ta fi sakewa. Wato a cikin abu ɗayan da aka canza akwai abubuwa da dama a ƙunshe. In tambayar ita ce wanne ya fi yi wa masara amfani a gwangwani, babu laifi, haka manomi ma yake sa shi dunƙule. Amma ba a yarda yaro ya rubuta cewa naitirojin ɗin kashin akuya ya fi na yuriya ba, domin bai ware shi ya gwada ba. Ɗanyen kashi da wanda ya ruɓe ma ba ɗaya ba ne, ɗanyen kashin kaji musamman yana ƙona saiwa. A rubuta wanne aka yi amfani da shi.

Sai abin aunawa. Tsawo kowa ke fara kamawa, domin rula tana cikin jakar kowane ɗalibi. Amma tsawo yana yaudara. Ajiye wake a cikin ɗaki nesa kaɗan da taga, ka ajiye ɗan'uwansa a tsakar gida. Bayan kwana goma na ɗakin zai fi tsawo: siriri, fari-fari, ganyensa 'yan mitsi-mitsi, ya karkata wajen taga, in ka hura masa iska ya kwanta. Na tsakar gida gajere ne, kakkaura, kore shar. Tsiron da ya rasa haske miƙewa yake yi yana nemansa, yana cinye guzurin da ke cikin ƙwayarsa. Wanda ya dogara da rula kaɗai zai rubuta cewa duhu ya fi rana amfani ga wake.

Abin da ya fi nuna girma na haƙiƙa shi ne nauyin busasshen tsiro. A ƙarshen gwaji a tumɓuke shi a hankali, a wanke saiwar, a sa a ambulan na takarda mai lambarsa, a shanya. Iskar hunturu tana yi mana wannan aiki kyauta. A riƙa aunawa har nauyin ya daina raguwa. Ɗanyen tsiro mafi yawansa ruwa ne, nauyinsa na safe daban da na azahar, shi ya sa ake busarwa. Ɗan ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinariya ya isa. Inda babu shi, a auna kaurin kara da zare, a ƙirga ganye, ko a shimfiɗa ganye a kan takardar littafi mai gida-gida, wadda kowane ɗalibinmu ke da ita, a zagaye shi da fensir a ƙirga gidajen da ya rufe. In kuma tsawon za a auna, a yanke shawara tun ranar farko daga ina zuwa ina: daga ƙasa zuwa tsinin ganye mafi tsawo, ko zuwa inda ganyen ƙarshe ya rabu da kara. Yau nan, gobe can, lambobin sun tashi a banza.

Mai aunawa shi kansa abin lura ne. Yaron da ya sa rai takinsa zai yi nasara zai ɗan ja ganyen mai taki ya miƙar da shi, ya bar na shaida a lanƙwashe, ba da niyyar ha'inci ba. Maganin wannan shi ne a sa wa gwangwanaye lamba kawai, takardar da ke faɗin wace lamba ce ta sami me ta zauna a wajen malami, abokin da bai sani ba ya yi awon.

Kashi na uku, na abubuwan da za a riƙe, shi ne inda aikin yake, kuma shi ne littafi ba zai iya lissafa wa yaro ba, domin kowane gida da nasa. Wata ɗaliba 'yar aji huɗu ta kawo mini littafinta tana mamaki: biyu daga cikin gwangwanayen shaida sun zarce duk masu taki. Na tambaye ta inda ta jera su. Ta ce, "A tsakar gida, Malam, jikin katanga, a layi ɗaya." Na ce ta zana mini tsakar gidan. A zanen, gwangwanayen nan biyu suna ƙarshen layi, daf da dutsen da mahaifinta da yayyenta ke zama su yi alwala. Sau biyar a rana ruwan buta yana fantsama a kansu. Da ta koma gida ta bincika, sai kakarta ta ƙara mata da wani: "Ai ni 'yar nan, na ga wancan na tsakiya yana yaushi, shi ne nake zuba masa ruwan wankin shinkafa. Ya za a bar abu mai rai da ƙishi?" Yarinyar tana auna kofi ɗaya kowace safiya da sunan ta riƙe ruwa daidai, ga shi gida ya canza mata lissafi. Abin da ya burge ni shi ne ta rubuta duka a littafinta, da rana da wata.

Katanga ma ba a barin ta haka. A watan Janairu rana tana karkata ta kudu, don haka gwangwanin da ke jikin katanga ta ɓangaren arewa yana iya wuni a inuwa, na ɓangaren kudu kuwa ya sha rana har la'asar. Katangar siminti da ke kallon yamma tana tara zafi ta juye wa abin da ke gindinta. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, gwangwanin da ke bakin layi shi ke fara bushewa, shi ke fara cika da ƙura a ganye. Baƙar leda ta fi farin bokiti ɗaukar zafi. Gwangwani mai huda uku ba ɗaya yake da mai huda goma ba, wanda ba a huda ba kuwa saiwarsa ruɓewa za ta yi.

Ƙasa kuma, wadda aka ɗebo daga tsohon juji da wadda aka ɗebo taku biyar daga wurin ba ɗaya ba ne. A tara duk ƙasar da za a yi amfani da ita a wuri guda, a cakuɗa sosai, a tankaɗe da rariya, sannan a cika kowane gwangwani da mudu ɗaya. Iri ma haka. Masarar da aka awo a kasuwa haɗin gonaki ce, wata bara ce, wata ƙwaro ya huda cikinta. Gara fakiti guda na iri, ko a ɓare daga tsakiyar masara guda, a zaɓi masu girma ɗaya. A yi wa tsinke alama don ramin shuka ya zama zurfi ɗaya. A shuka uku-uku, in sun fito a bar ɗaya-ɗaya.

Zaɓen shukar kanta yana iya rusa gwaji tun kafin a fara. Yara suna son wake saboda saurin tsirowa, amma wake bai dace da gwajin yuriya ba. Tumɓuke wake mai wata guda ka duba saiwarsa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle manne da ita. Fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne, to yana aiki: ƙwayoyin bakteriya ne a ciki suna ɗauko naitirojin daga iska suna ba tsiron. Wake da gyaɗa suna da hanyar samun nasu, saboda haka bambancin mai yuriya da marar yuriya yakan zama kaɗan. Masara ko dawa ce za ta nuna yunwarta a fili, tsofaffin ganyenta su koma rawaya.

Ko manyan masana wani abu yakan kuɓuce musu. Jan Baptist van Helmont, masanin da ya rayu a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, ya dasa wata 'yar bishiya mai nauyin kilo 2 da 'yan kai a cikin busasshiyar ƙasa mai nauyin wajen kilo 91. Ya rufe bakin tukunyar da farantin ƙarfe mai huje-huje don kada ƙura ta shiga, yana ba ta ruwa kawai har shekara biyar. Bishiyar ta kai wajen kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. Aikin, wanda aka buga a 1648 bayan rasuwarsa, ya nuna a fili cewa bishiya ba ƙasa take ci ta zama itace ba. Amma sai ya yanke cewa ruwa kaɗai ne ya zama bishiyar. Ya tsare ƙasa, ya tsare ƙura, ya lura da ruwa, iska ce ba ta zo masa a rai ba, alhali daga iskar kabon da ganye ke zuƙa ne mafi yawan busasshen itacen ya samu. Awonsa daidai ne. Inda ya zame shi ne zaton cewa ya gama lissafa duk abin da ke shiga tukunyar.

Mu ma muna da namu misalin a gonakinmu. Kowane manomi a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru ya san dawa da gero sun fi kyau a ƙarƙashin gawo. To me ya sa? Gawo yana zubar da ganye da damina, ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta sami hanyar sauka a kan shuka. Da rani kuma yana da ganye da 'ya'ya, shanu da awaki su taru a inuwarsa su ci, su bar kashinsu a wurin. Saiwarsa ita ma tana ɗauko naitirojin irin ta wake. Ko kuwa tun asali gawon ya fi kamawa ne a inda ƙasa ke da kyau? Duk waɗannan suna tafiya tare a gona, ido ba zai raba su ba. Ɗalibin da ya tattaro busasshen ganyen gawo, ya daka, ya auna, ya cakuɗa a rabin gwangwanayensa ya bar rabi, ya ware abu ɗaya daga cikin waɗannan. Irin wannan tambaya nake fatan in riƙa gani a kan tebur, domin kakan yaron ma zai so ya ji amsarta.

Tun da ba za a taɓa gama lissafa abubuwan da ke kutsowa ba, masana sun samo dabara biyu. Ta farko maimaici. Ƙwaya biyu daga masara guda ma ba sa girma ɗaya, don haka gwangwani ɗaya da ɗaya ba sa nuna komai, watakila na hagun ya dace da ƙwaya mai ƙarfi ne kawai. A sa aƙalla biyar a kowane rukuni, goma in akwai hali. A lura kuma, tsiro biyar a gwangwani ɗaya ba maimaici biyar ba ne, domin in gwangwanin ya toshe duk biyar ɗin ya shafa.

Ta biyu ƙuri'a. A tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, wadda John Bennet Lawes ya kafa a 1843, an yi shekaru ana gwada taki a kan alkama. A 1919 aka ɗauki masanin lissafi Ronald Fisher ya duba tulin lambobin da aka tara, kuma shi ne ya tsaya kai da fata cewa ƙuri'a ce ya kamata ta zaɓi wane fili zai sami wane taki. Hannun mutum yana da son kai ko bai sani ba: zai ba ƙosasshen tsiro takin da yake ƙauna, ya ajiye shi a wuri mai kyau. Ƙuri'a kuwa tana warwatsa duk abin da ba mu sani ba a tsakanin rukunonin, ta hana shi taruwa a ɓangare ɗaya. Wannan ƙa'ida ce masu binciken IRAD, cibiyar binciken noma ta Kamaru, a Marwa da Garwa ke bi in za su yanka filin gwaji, kuma yaro yana iya bin ta da hula da 'yan takardu. Ya rubuta lambobin gwangwanaye, ya naɗe, ƙaninsa ya zaro biyar, su ne masu taki. Ya sake jefa ƙuri'a don wurin zama, kuma duk bayan 'yan kwanaki ya sauya musu wuri. Da yarinyar nan ta yi haka, da kowane gwangwani ya ɗanɗana ruwan alwala, ba biyu kaɗai ba.

Akwai kuma tambayar a wane mataki za a riƙe abin da aka riƙe. Masanan Jamus biyu, Carl Sprengel da Justus von Liebig, sun bayyana tun ƙarni na 19 cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke yanke wa tsiro iyakar girma. In yaro ya ba kowane gwangwani ruwa daidai amma kaɗan, duk za su tsumbure tare, taki ba zai sami damar nuna kansa ba. In ya cika su da ƙasar fadama mai ƙarfi, shaida ma za ta ƙoshi, bambanci ya ɓace. Ɗalibin da ya kwatanta lakar karal ta filayen Diyamare, wadda ake dasa masakwa a kanta a ƙarshen damina ta rayu da laimar da ƙasa ta riƙe, da rairayin bakin Binuwai, zai ga kofi ɗaya na ruwa ya jiƙe wannan jagab ya bar wancan ƙamas kafin azahar. Wannan ba kuskure ba ne, halin ƙasar ne da ya zo gwadawa. Amma in ya ninka ruwan ko ya rage shi, wanda ya yi nasara yana iya sauyawa, don haka dole ya rubuta yawan ruwan a cikin sakamakonsa.

In lambobi sun fito, a duba su ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa a raba. A ce masu taki sun ba da santimita 21, 25, 18, 27 da 22, shaida kuma ta ba da 20, 17, 24, 19 da 23. Matsakaicin farko 22.6 ne, na biyu 20.6. Yaro zai yi murna ya ce taki ya ci. Amma ga wani marar taki mai 24 ya fi uku daga cikin masu takin. Bambancin da ke tsakanin 'yan rukuni ɗaya ya fi wanda ke tsakanin rukunonin biyu. Abin da zai iya rubutawa da gaskiya shi ne: a wannan ƙasa, da wannan ruwa, cikin waɗannan makonni, bai ga bambanci bayyananne ba.

Yaro ba zai yarda ya rubuta haka ba muddin alƙalai suna ba tsiro mafi tsawo da kwali mafi ado maki. Wannan yana ci mini rai, domin a haka ake koya wa yara ɓoye gwangwanin da ya mutu da gyara lamba. A ganina mafi yawan maki a kan littafin aiki ya kamata ya tafi: shin tambayar guda ce, akwai shaida, an maimaita, an jefa ƙuri'a, an rubuta ranar da akuya ta cinye lamba bakwai? Alƙali ya zauna da yaron minti biyar ya tambaye shi abin da yake zargin ya kutsa masa, da abin da zai gyara in zai sake.

Malamai kuma su duba kalanda. Makonni biyun farko masara tana rayuwa ne da guzurin da ke cikin ƙwayarta, taki bai cika nuna kansa ba sai bayan nan, sanyin daren hunturu kuma yana ƙara jinkirta ta. Wanda ya shuka a ƙarshen Janairu ba abin da zai auna sai ƙarfin iri. Ana bukatar mako biyar zuwa shida bayan tsirowa, da wasu kwanaki na shanya da awo, wato a shuka a farkon Disamba, a kuma nemi gwangwani babba ko bokiti don kada saiwa ta cika shi kafin lokaci. Hutun ƙarshen shekara zai faɗo a tsakiyar gwajin. In a makaranta aka jera su, a san tun da wuri wa zai riƙa ban ruwa da wane kofi. In gida za a kai su, a kwashe duka rana ɗaya zuwa gida ɗaya, kada masu taki su tafi gidan wannan ɗalibi, shaida ta tafi gidan wancan.